Rauni, rashi da hali: me ke tare wa matashin ɗan ƙwallon Ostireliya hanya?

Tambaya: Ɗan yayana ne, bana zai cika shekara 18, muna zaune a Melbourne. Yana buga ƙwallon Ostireliya a gasar matasa, kuma a wannan shekarar ake sa ran wata ƙungiyar AFL, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, za ta ɗauke shi. Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa a Disambar bara. A watan Afrilu kuma jijiyar gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa aiki. Yanzu kocinsa na cewa halinsa ya canza: yana makara, ba ya kula kowa, ya fara tsallake atisayen gyaran ƙafa. Shin ta ƙare masa ke nan? Cikin ukun nan, wanne ya fi kashe wa yaro gaba?

Malam, kafin komai, Allah ya jiƙan yayanka, ya gafarta masa, ya ba ku haƙurin rashi. Yaron kuma Allah ya tashi kafaɗunsa.

Ba ta ƙare masa ba, kuma zan kawo maka sunayen waɗanda suka bi ta inda yake bi yanzu suka fita. Tambayarka ta biyu ce nake so mu zauna a kanta. Yadda ka jera abubuwan, rauni daban, rashi daban, hali daban, haka ƙungiyoyi da 'yan jarida suke jera su, kuma a nan ake zaluntar yara da yawa. Aikina duba raunin 'yan wasa matasa ne da dawo da su fili, kuma abin da na fi gani shi ne, yaron da aka ce halinsa ya lalace bayan babban rauni ko mutuwa a gida, yawanci raunin da mutuwar ne ke fitowa ta inda suka samu ƙofa. Wanda ya binne uba a Disamba, aka yanka gwiwarsa a Afrilu, idan ya yi shiru a Yuni ba wani ciwo ne na uku ya same shi ba.

Sai an san yadda ake shiga AFL kafin a gane abin da ya sa wata 12 ke da tsada haka. Ƙungiyoyi 18 ne a gasar, ta 19 daga Tasmania za ta shigo a 2028. Ba a sayen yaro da kuɗi kamar yadda aka saba a ƙwallon Turai. Tun 1986 zaɓe ake yi na ƙasa baki ɗaya, yanzu a watan Nuwamba: ƙungiyar da ta zo ƙarshe a teburi ita ke fara ɗauka, a bi da bi har a gama. A 'yan shekarun nan waɗanda ake kiran sunansu ba su cika wuce 60 zuwa 70 ba, daga duk faɗin ƙasar. Wanda aka ɗauka kwantiragin shekara 2 ake ba shi, 'yan 20 na farko kuma shekara 3. Ba shi da ta cewa a kan garin da zai je, ɗan Perth na iya wayar gari ya tsinci kansa a Melbourne, tafiyar kusan awa 4 a jirgi tsakaninsa da mahaifiyarsa. Kowace ƙungiya na riƙe da 'yan wasa 40 da 'yan kai, kuma duk ƙarshen kakar wasa sai an sallami wasu don a samar wa sababbi gurbi. To ka ga, yaron da ya shafe shekara guda yana jinya ya cinye rabin damarsa bai taɓa ƙwallo ba.

Wasan kansa kuma ba ya tausayin jiki. Mutum 18 ne kowane ɓangare, filin ya fi na ƙwallon ƙafa girma nesa ba kusa ba, ɗan tsakiya kan yi gudun kilomita 12 ko fiye, ana rungumar mutum a maka shi da ƙasa, ana taka kafaɗar abokin karawa a yi sama a cafe ƙwallo, kuma duk wannan da singileti da gajeren wando kawai. Rahoton rauni da AFL ke fitarwa duk shekara ya daɗe yana nuna cewa tsokar bayan cinya ce ta fi yawan yagewa. Amma gwiwa da kai su ne masu sauya wa mutum rayuwa.

Mu fara da gwiwar. Jijiyar da ta tsinke masa, wadda likitoci ke kira ACL, tana tsakiyar gwiwa ne, ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa idan mutum ya taka ya juya ko ya diro daga tsalle. Ba a cika ɗinke ta ba. Ana yanko wata jijiya ce daga bayan cinya, ko daga gaban gwiwa, a dasa a gurbinta. Abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne, wannan dashen yana yin rauni a watannin farko kafin jiki ya karɓe shi ya mayar da shi nasa. Wato daidai lokacin da kumburi ya sace, yaro ya ajiye sanda yana jin garau, a lokacin ne jijiyar ba ta gama ƙwari ba. Kamar ginin laka ne, waje ya bushe, ciki da sauran danshi. Shi ya sa ake cewa wata 9 zuwa 12, kuma 'yan ƙasa da shekara 20 su suka fi kowa haɗarin sake tsinkewa, ko dai wadda aka gyara ko ta ɗaya ƙafar. Ba kalanda kaɗai ake dubawa ba. Ana gwada ƙarfin cinyar da aka yi wa aiki, sai ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar, a gwada tsalle da ƙafa ɗaya, a kalli yadda yake dira. Duk wanda ya ce muku zai dawo da shi kafin Nuwamba don masu zaɓe su gan shi, ku guje shi.

Yanzu ga sunayen. Max King ya tsinke wannan jijiya a Afrilun 2018, a shekarar zaɓensa, kamar ɗanku sak, amma St Kilda ta ɗauke shi a matsayi na 4. Jake Lever bai buga ko wasa ɗaya ba a 2014 saboda ita, Adelaide ta ɗauke shi na 14, jijiyar ta sake tsinke masa a 2018, kuma a 2021 ya ɗaga kofi da Melbourne. Joel Selwood ya zame zuwa na 7 a 2006 saboda ƙungiyoyi na tsoron gwiwarsa, ya je Geelong ya buga wasa 355, ya ci kofi 4. Christian Petracca ya rasa shekararsa ta farko gaba ɗaya a 2015, sannan ya zama gwarzon wasan ƙarshe na 2021. Will Ashcroft na Brisbane ya tsinke tasa a Yulin 2023, ya kalli wasan ƙarshe na shekarar daga waje, ya dawo a 2024 ya karɓi lambar gwarzon wasan ƙarshe yana ɗan shekara 20. Sai dai in faɗa maka gaskiya, waɗannan duk an riga an san su kafin raunin, sunansu na saman takardar kowa. Yaron da ke tsaka-tsaki, wanda yake buƙatar wasannin bana don ya nuna kansa, nasa ya fi wuya, kuma zai yiwu Nuwamba ta zo ta wuce ba a kira shi ba. Ku shirya wa haka tun yanzu, zan dawo kan abin da ke bayanta.

Akwai wanda nake so duk mai cewa "in dai yaro na da zuciya zai kai" ya san labarinsa. Alex Johnson ya ci kofi da Sydney a 2012 yana ɗan shekara 20. A wasannin share fage na 2013 gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Aka dasa, ta ƙi. Ƙwayoyin cuta suka shiga gwiwar, aka yi ta buɗewa ana rufewa, sau 5 ana sake dasa jijiyar, aikin tiyata ya kai 12. Kwana 2,136 ya yi bai buga wasan AFL ba, kusan shekara 6, kuma duk tsawon lokacin nan yana zuwa yana yin abin da aka sa shi. A Agustan 2018 ya dawo, ya buga da Collingwood. Mako guda bayan haka, a wasa da Melbourne, tun a zangon farko, ta dama, wadda ba ta taɓa ciwo ba, ita ma ta tsinke. A ƙarshen shekarar ƙungiyar ta sallame shi da wasa 47 kacal. Ban san wanda za a nuna a ce ya fi wannan bawan Allah juriya ba, amma juriyar ba ta ɗinke jijiya ba. Daniel Menzel na Geelong ma sau 4 tasa ta tsinke tun daga 2011, ya yi kusan shekara 4 a waje, ya dawo a 2015 ya zura ƙwallo 4 a wasansa na farko. Shi ya samu ƙarin shekaru, Johnson bai samu ba, kuma bambancinsu ba a zuciya yake ba.

Abin da ba a cika faɗa ba game da wannan rauni shi ne kaɗaici. Ka je filinsu da yammacin wata Talata a watan Yuni, lokacin hunturun Melbourne, ƙarfe biyar da rabi duhu ya riga ya yi, an kunna fitilu. Abokansa na can tsakiyar fili suna ihu suna kiran sunan juna. Shi kuwa yana cikin ɗakin canza kaya a kan tabarmar roba, an ɗaura masa igiyar roba a idon sawu, yana ɗaga ƙafa yana saukewa, sau goma, a huta, a sake. Na kan zagaya cinyar da tef ɗin awo in faɗa masa lambar, ya kalli ɗayar ya ga yadda wannan ta tsotse. A makon farko kowa sai ya leƙo ya ce yaya ƙafa. Zuwa wata na biyu an daina tambaya, ba don mugunta ba, wasan Asabar ne ya ɗauke musu hankali. Yaron da tun yana ɗan shekara 8 ake kiransa ɗan ƙwallo, a makaranta da unguwa da gida, yanzu ba shi da abin da zai amsa da shi. Yawancin masu tsallake atisayen gyara a wannan matakin suke farawa, kuma wurin da suke gudu shi ne wannan ɗakin.

Buguwar kai kuwa wani babi ne, kuma ko da ba shi ke damun ɗanku yanzu ba, ka riƙe wannan don gaba. Paddy McCartin shi ne na 1 a zaɓen 2014. Sau 8 ƙwaƙwalwarsa ta girgiza sanadin karo kafin St Kilda ta rabu da shi a 2019 da wasa 35. Ya huta, ya dawo da Sydney a 2022 a matsayin ɗan baya, har ya buga wasan ƙarshe tare da ƙanensa Tom. A Afrilun 2023 kansa ya sake buguwa, a Agusta ya ajiye wasa bisa shawarar likitoci yana da shekara 27. Nathan Murphy ya ci kofi da Collingwood a 2023, ya yi ritaya a Afrilun 2024 yana da 24. Aiden O'Driscoll, Western Bulldogs ta ɗauke shi a Nuwamban 2023, ya yi karo a atisaye a Janairu, a watan Mayu likitoci suka ce ya haƙura, yana ɗan shekara 18, ko wasa ɗaya bai buga ba. Bayan mutuwar tsofaffin 'yan wasa irin su Danny Frawley da Shane Tuck, binciken ƙwaƙwalwarsu ya nuna cutar da ake kira CTE, wadda ake dangantawa da yawan buguwar kai. Tun 2021 doka ta ce ɗan AFL da kansa ya bugu sai ya yi aƙalla kwana 12 kafin ya dawo, daga 2024 kuma aka mayar da na matasa da na unguwanni kwana 21. A nan halin da koci ke yabawa a ko'ina, wato cije haƙori a ce ba komai, shi ne mai halaka yaro. Ka koya masa tun yanzu cewa ranar da ya ga jiri ko haske na damun idonsa bayan karo, ya faɗa, ko da wasan ƙarshe ne.

Sai rashi. A wannan wasa uba ba ɗan kallo ba ne kawai. Shi ke tuƙa yaro zuwa atisaye sau biyu ko uku a mako, shi ke tsayawa a jikin shinge cikin sanyi, kuma a wasannin yara da na unguwa idan an tafi hutun zango iyaye kan shigo fili su kewaye 'yan wasa su ji abin da koci ke faɗa. Bayan an tashi kuma akwai hirar mota, inda ake tsefe wasan tun daga farko har a iso gida. Yaron da ya saba ɗaga kai ya ga mahaifinsa a wani kusurwa na shingen, duk zuwansa filin nan sai ya kalli wurin. Saboda haka filin da kowa ke zaton zai ɗebe masa kewa, wataƙila shi ne inda rashin ya fi yi masa ciwo. Ga kuma wata tambaya da nake so ka yi kafin ka yarda da zancen makara: wa ke kai shi yanzu? A jihar Victoria sai mutum ya cika 18 yake iya tuƙi shi kaɗai. Yaro mai ɗingishi da zai hau jirgin ƙasa ya sauka ya jira bas, bayan an tashi daga makaranta, dole ya makara. Na sha ganin an rubuta wa yaro rashin ɗa'a a kan abin da mota ɗaya za ta warware.

Akwai waɗanda suka ɗauki irin wannan nauyi suka yi nisa. Travis Boak na da shekara 16 ciwon daji ya ɗauke mahaifinsa a 2005. Shekara guda bayan nan Port Adelaide ta ɗauke shi na 5, ya bar gida ya koma wata jiha, ya zama kyaftin a 2013, ya buga wasa sama da 350. Sam Docherty kuwa rauni da rashi sun haɗu a kansa, har da ƙari. Ya bar Brisbane ya dawo Carlton a ƙarshen 2013 don ya kusanci gida, makonni kaɗan bayan haka mahaifinsa ya rasu ba zato ba tsammani, yana ɗan shekara 20. Ya shiga jerin gwanayen ƙasa a 2017, sai gwiwa ta hana shi 2018 da 2019 gaba ɗaya, sai ciwon daji a 2020, ciwon ya sake dawowa a 2021. A wasan farko na 2022 ya shiga fili ya zura ƙwallo a ragar Richmond. Ina kawo su ne don ka san hanyar na ɓullewa. Don Allah kada a ɗauke su a doki yaron da su, a ce ga wane ya rasa uba bai yi haka ba. Abin da muke gani na Boak da Docherty na filin wasa ne, dararen da suka kasa barci ba a nuna su a talabijin.

Haka ma labarin Port Adelaide na 2012. A Satumbar shekarar ɗan wasansu John McCarthy ya rasu a Las Vegas ta Amurka, inda suka je hutun ƙarshen kaka da abokan wasansa, yana da shekara 22. Ƙungiyar ta ƙare a ta 14 a shekarar, a 2013 kuma ta kai wasannin neman kofi har ta fitar da Collingwood, tsohuwar ƙungiyar marigayin. Mutane na son cewa baƙin ciki ne ya haɗa kansu ya ba su ƙarfi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma a daidai lokacin an kawo sabon koci, Ken Hinkley, an sauya shugabanci, an sauya tsarin motsa jiki. Mutuwa ba ta ƙara wa kowa gudu. Abin da ke taimako shi ne mutanen da suka tsaya a kan masu makoki.

A wannan fanni 'yan asalin ƙasar sun koya wa AFL abu. A wurinsu zaman makoki wajibi ne da ba a ɗagawa saboda wasa, ɗan wasa zai bar komai ya tafi garinsu. Da mahaifin Willie Rioli ya rasu a Yulin 2022, da yake sunansu ɗaya, kuma al'adar mutanen tsibiran Tiwi ta hana ambaton sunan mamaci har wani lokaci, sai ya koma amsa Junior Rioli, kuma masu sharhi da jaridu suka bi. Ɗan'uwansa Cyril Rioli, mai kofi 4 da Hawthorn, ya ajiye wasa a 2018 yana da shekara 28 ya koma arewacin ƙasar, bayan mahaifinsa ya yi fama da ciwon zuciya. Idan gasar ta iya sauya sunan ɗan wasa a allo saboda makoki, kocin matasa zai iya yi wa maraya uzurin 'yan watanni. Amma sai an gaya masa. Kada ka ɗauka ya san zurfin abin.

Mu ma akwai namu laifin a gida. Da an yi rasuwa sai a dafa kafaɗar yaro a ce kai ne babba yanzu, ka yi haƙuri, ka riƙe mahaifiyarka da ƙannenka. Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma ɗan shekara 17 abin da yake ji shi ne an hana shi kuka. Sai ya haɗiye, ya daina barci, ya daina cin abinci sosai, kuma jikin da ba ya barci ba ya gina tsoka, komai yawan atisaye. Ka ga yadda rashin ke komawa ya shiga gwiwar. Tom Boyd ya isa misali a kan cewa ciwon damuwa ba ya duba nasara. Shi ne na 1 a zaɓen 2013, daga baya Western Bulldogs ta ba shi kwantiragin shekara 7 da jaridu suka ce ya kai kusan dalar Ostireliya miliyan 7, ya zura 3 a wasan ƙarshe na 2016 da ya kawo musu kofin farko tun 1954. A Yulin 2017 ya ɗauki hutu saboda ciwon damuwa, bayan doguwar fama da rashin barci. A Mayun 2019 ya bar wasan da sauran kuɗin, yana da shekara 23. Kafin a san abin da ke damunsa an daɗe ana cewa kuɗi ne suka sa shi lalaci.

To, ba ina cewa babu wani abu mai suna hali ba. Akwai, kuma masu farautar 'yan wasa suna auna shi fiye da yadda kake zato. A watan Oktoba ana tara yaran da ake hange, a gwada gudun kilomita 2, da na mita 20, da tsalle, likitoci su duba jiki, sannan kowace ƙungiya ta zauna da yaro ta yi masa tambayoyi. Suna zuwa gida su ga iyali, suna kiran malaman makaranta. Yaro mai rauni kuwa, wanda za su fara kira shi ne mai gyaran ƙafarsa, tambayar kuma ɗaya ce: yana zuwa? Yana yin na gida da aka ba shi? Wannan ya kamata ɗanku ya ji daga bakinka. Bana ba shi da wasan da zai nuna musu, wancan ɗakin mai tabarmar roba shi ne filinsa, kuma ana kallo.

Amma ka lura da yadda ake saurin yanke wa yaro hukunci. Jason Horne-Francis shi ne na 1 a 2021, aka ɗauke shi daga Adelaide zuwa North Melbourne, ƙungiyar da ke ƙasan teburi. A Agustan 2022 aka ajiye shi a wasa saboda bai yi wankan ƙanƙara da aka umarta bayan wasa ba. Ƙasa ta ɗauka, yaro ɗan shekara 19 ya zama abin misalin girman kai. Ya nemi komawa gida, Port Adelaide ta karɓe shi, 'yan kallo suka yi ta yi masa ihu a filaye. Da isarsa aka yi masa aiki a ƙafafu biyu saboda jijiyoyin jini da ke matse a bayan gwiwoyinsa, wato ya yi shekarar yana gudu da ciwo. Bai kyauta ba da ya ƙi bin umarni, amma wankan ƙanƙara ɗaya bai isa a karanta mutum da shi ba, kuma da ya samu lafiya kusa da danginsa ya zama cikin fitattun 'yan tsakiya na gasar. Max Gawn ma, wanda gwiwarsa ta tsinke a shekarar zaɓensa ta 2009 ta kuma sake tsinkewa bayan shekara 2, shi da kansa yana ba da labarin yadda aka kama shi yana shan sigari a hanyarsa ta zuwa atisaye a farkon zuwansa Melbourne. Shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga musu kofi a 2021, bayan shekara 57 suna jira. Halin ɗan shekara 18 bai gama nuna ba, wanda ke kusa da shi na da hannu a yadda zai ƙare.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka karɓi tuƙin nan, kai ko wani babba da yake sakewa da shi, ko da sau ɗaya ne a mako, kuma a cikin motar kada ka yi masa wa'azi, in ya yi shiru ka bar shi. Ka je ka zauna da kocin da mai kula da walwalar yara a ƙungiyar, ka gaya musu abin da ke faruwa a gida, ka roƙi a ba shi wani aiki ranar wasa, ko riƙe allon canji ko ɗaukar ƙididdiga, don ya ci gaba da zama ɗan ƙungiya. Ka ce wa mai gyaran ƙafar ya daina yi masa zancen wata 12, ya riƙa ba shi abin da zai cimma cikin mako biyu: miƙe gwiwa sarai, hawa keke, ranar fara sassarfa. Sannan ku kai shi wurin likitan iyali. Ta hannunsa Medicare, tsarin kula da lafiya na gwamnati, na rage kuɗin ganin masanin halayyar ɗan Adam har sau 10 a shekara, ga kuma cibiyoyin Headspace, masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da aka kafa don 'yan shekara 12 zuwa 25. Addu'a da tawakkali ba su hana wannan ba, kamar yadda ba su hana ku kai gwiwar asibiti ba. A nan Melbourne akwai gidauniyar Bachar Houli, tsohon ɗan wasan Richmond mai kofi 3, wadda ke tara matasa Musulmi masu wannan wasa. Zama da waɗanda suka san ƙwallon suka kuma san azumi da zaman makoki zai yi masa amfani. Idan kuwa ka ji ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani, ko gara ya bi mahaifinsa, a ranar za ku nemi likita, ba a jira gobe.

Idan Nuwamba ta wuce ba a kira shi ba, akwai sauran ƙofofi. Gasar matasa na ba wasu 'yan shekara 19 gurbi, kuma waɗanda rauni ya cinye wa shekara na cikin waɗanda ake dubawa. Akwai VFL, gasar manya ta biyu. Tun 2019 an dawo da zaɓen tsakiyar kaka, wanda ake yi wajen ƙarshen Mayu. Sam Mitchell kowa ya tsallake shi a 2000, ya je Box Hill ya buga, Hawthorn ta ɗauke shi na 36 a 2001, ya ƙare da wasa 329. Tim Kelly yana koyon aikin lantarki a Perth, sai da ya kai shekara 23 Geelong ta ɗauke shi a 2017. Jarrabawar kammala sakandare ma a Oktoba da Nuwamba take, kuma wannan shekarar da ba ya tafiye-tafiyen wasa ita ce damarsa ta ya zauna mata. Ku lissafa daga ranar aikin: wata 9 zai cika a Janairu, wata 12 a Afrilun baɗi, daidai lokacin da sabuwar kakar matasa ke kankama. Wannan ranar za ku sa a gaba, sai dai in gwajin ƙarfin cinyar ya ce a ƙara masa lokaci.